Daga gindin Dutsen Monviso: Kawu, a dakata da sayar da gonar gulbi

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. A gaishe mini da Inna da su Yaya da yara. Ya aka ji da kaka? Allah ya sa rumbu ya cika, ya kuma sa a ci cikin lafiya.

Saƙon muryarka ya iso ta WhatsApp, na saurare shi ya fi sau uku. Na ji batun Auta, cewa ya matsa a sayar da gonar bakin gulbi a yi masa kuɗin hanya ya biyo ni. Ka ce in gaya maka tsakani da Allah yadda wurin nan yake, abin da ake samu da abin da ba a samu. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta. A sa ɗaya daga cikin yaran lakkol ya karanta maka, Auta kuma ya zauna kusa ya ji da kunnensa.

Garin da nake sunansa Ostana, a arewa maso yammacin Italiya, cikin yankin Piemonte, dab da iyakar Faransa. Na ce gari don yana da magajin gari da ofishinsa da hatiminsa kamar kowace ƙaramar hukuma, amma in ka tara mutanensa duka ba su kai ɗari ba. Masu kwana a nan rani da damina ma ba su kai haka ba. Taron suna ɗaya a unguwar Bagalam ta Maradi ya fi su yawa. Gidajen ba a haɗe suke ba, ƴan unguwanni ne a warwatse jikin dutse, wannan sama da wancan, a tsayin da ya haura mita 1,200 daga teku. Mu da muka tashi inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba sai gawo da kuka, wannan abu sai an gani. In na buɗe taga da safe, abin da ke gabana shi ne Monviso, dutse mai tsini kamar hular dara da aka murɗe, tsayinsa mita 3,841. Ƙarƙashinsa, a wani fili da ake kira Pian del Re, akwai idon ruwa da ke fitowa tsakanin duwatsu, wanda yaro zai iya tsallakewa. Wannan shi ne mafarin kogin Po, kogin da ya fi kowane tsawo a Italiya, kilomita 652 kafin ya faɗa teku. Na je na sa hannu na sha. Haƙorana sai da suka yi tsami don sanyi.

Ban faro daga nan ba. Shekaruna na farko a ƙasa na yi su, wajen Saluzzo, garin da ke bakin kwarin, inda gonakin tuffa da kiwi suke. Can ne ƴan Afirka ta Yamma ke taruwa lokacin tsinke, ƴan Mali, ƴan Burkina, ƴan Gambiya, kowa da kekensa yana zagaya gonaki neman aiki. Auta ya ji wannan da kyau: na kwana a kan kwali a fili, ni da mutane masu yawa, cikin ƙasar da yake gani a waya kamar aljanna. Akwai mai gonar da na yi wa aiki ya rubuta rabin kwanakina a takarda, sauran ya ba ni a hannu yadda ya ga dama, ban isa in ɗaga murya ba don takardar zamana na rataye da sa hannunsa. Ban taɓa gaya wa Inna ba, kuma ba sai an karanta mata wannan wurin ba. Daga baya Allah ya haɗa ni da wani magini da ke neman mai ɗauko masa dutse a sama, na biyo shi, na zauna.

To ga abin da ka tambaya, kaya da tsadarsu. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato yuro ɗari jikka sittin da biyar da ɗan kai. In mutum ya ji albashin nan ya juya shi zuwa sefa, sai kansa ya yi girma. Amma da yuro ake biyan haya, da yuro ake sayen itacen ɗumama ɗaki, ba da sefa ba.

Abin da na lura da shi, wanda na daɗe ban gane ba, shi ne a nan kaya ne ke da araha, hannun mutum ke da tsada. Mu kuwa akasin haka ne. Madara, taliya, dankalin turawa, tuffa, sukari, waɗannan ma'aikaci na saye ba tare da ya yi dogon lissafi ba. Rigar sanyi ta gwanjo wadda ba ta ko koɗe ba, wani lokaci kyauta ake ba ka. Firij ko kujera mai kyau sai ka ga an fitar an ajiye don a kwashe, kawai don ƙaramin abu ya lalace. Da farko na ɗauka almubazzaranci ne. Sai da na tambayi kuɗin gyara na fahimta: ladan mai gyaran ya kusa kuɗin sabo. Aski da nake yi a bakin kasuwa da ƴan canji, a nan ya kusa jikka goma, shi ya sa na sayi injin aski muna yi wa juna. Wandona ya yage, na nemi tela, aka ce sai na sauka Saluzzo, kuma in bar shi in dawo bayan mako. Na tuna telolin da ke yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi a lungunan Maradi, ka kira ɗaya ya zauna a zaure ya gama maka kafin shayi ya nuna. Mai famfo ko mai gyaran wuta kuwa, sai ka yi masa waya ya ba ka rana, kuma tun daga fitowarsa daga gida kuɗinka ke tafiya.

Babu ciniki. Abin da aka rubuta shi za ka biya, ba albarka, ba gyara, ba "kawo na sallama". Babu mai tebur na ƙofar gida da zai ba ka sukari da shayi ya rubuta a littafi sai ƙarshen wata. Babu kabu-kabu. Motar haya ba ta yawan hawowa, in ta wuce ka ta wuce. Ƙaramin kanti da gidan burodi suna nan a sama, burodinsu kuma yana da kyau ƙwarai, amma in babban cefane ne, ko kantin magani, ko cire kuɗi, sai an gangara Paesana, garin da ke ƙasa da mu. Babbar kasuwar Saluzzo ranar Asabar take ci, tana da tsabta da tsari, sai dai da azahar an naɗe. Ban taɓa ganin abin da ya kama ƙafar kasuwarmu ta Litinin da Juma'a wajen cika da hayaniya ba, sai fa kasuwar Porta Palazzo a birnin Torino. Can nake zuwa in na yi kewar gida, don can ake samun naman halal da busasshiyar kuɓewa da man ja da barkono mai yaji na gaske. Gero dai na haƙura. Rabona da fura mai kyau tun ranar da na bar gida. Suna da nasu tuwon masara, polenta suke ce masa, a tuƙa shi a tukunya da muciya kamar yadda Inna ke yi, sai dai maimakon miyar kuka cuku da man shanu suke zuba masa. Ranar da na fara ganin wata tsohuwa tana tuƙa shi, sai da na fita waje na tsaya kaɗan.

Layya ma ba kamar gida ba. Doka ba ta yarda ka kayar da rago a tsakar gida ba, sai a mayanka mai izini. Mukan haɗa kuɗi mu yi oda, a ba mu nama a leda. Ba tsire a jere a bakin wuta, ba yara masu kai rabo gida-gida. Shi ya sa nake turo kuɗin ragona gida kowace shekara.

Inda suka fi mu kuwa, zan faɗa ba ɓoyewa, don ka ce gaskiya kake so. Ruwa na zuwa famfo dare da rana, daga dutse, ba ka jiran ɗan garuwa. A kowace unguwa akwai kwamin dutse da ruwa ke zuba a ciki ba tsayawa, ba mai shi, kowa ya sha. Watannin farko in na wuce sai in nemi inda ake rufewa, zuciyata ba ta jure ganin ruwa na zuba a banza. Wuta ba ta ɗaukewa sai in dusar ƙanƙara ta karya reshe a kan waya. In ƙanƙara ta zuba cikin dare, kafin gari ya waye motar share hanya ta hawo, don gidaje ƴan ƙalilan. Shara ma rarraba ta ake yi, kwalba daban, takarda daban, leda daban, shi ya sa ba ka ganin baƙar leda maƙale a reshe kamar yadda ta cinye mana bayan gari.

Babban abin shi ne lafiya. Duk wanda ke da takardar zama yana da katin asibiti, yana da likitansa da aka rubuta masa, ganinsa kuma ba ko dala. Wasu gwaje-gwaje akan biya wani abu kaɗan, wasu kuma akan daɗe ana jiran layi, wata da watanni. Amma in abu ya zo da gaggawa, lamba 112 kawai za a buga. Da idona na ga jirgi mai saukar ungulu ya zo ɗaukar wani makiyayi da ya faɗo ya karye a saman dutse. Ba wanda ya tambaye shi ko ɗan wane ne, ba wanda ya ce a kawo kuɗin mai tukuna. A daren ban yi barci ba, Kawu. Ina ta tuna Baba, da yadda muka yi ta neman mota, da takardar magani da muka riƙa zagayawa da ita muna haɗa kuɗi. Allah ya jiƙansa da rahama. Wannan tsarin nasu tun 1978 suka kafa shi, kuma daga harajin da ake cirewa a albashin kowa ake biya, har da nawa. In na ga abin da aka yanke mini a takardar albashi raina kan ɓaci, in na tuna jirgin nan sai in yi shiru.

Sanyi kuwa ba irin na hunturunmu ba ne da ake hura kara a sha ɗumi da asuba, hantsi ya yi a tuɓe riga. Nan wata biyar murhu ba ya mutuwa. A Disamba ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe. Tun rani ake faskare ana jerawa a jikin bango, kamar yadda muke tanadin hatsi, kuma gidan da bai tara itace ba kowa ya san mai shi bai da shirin kwana a nan. Juma'a sai na gangara ƙasa, inda ƴan'uwa suka kama ɗaki suke salla. Ran da hanya ta yi santsi sai in yi azahar a ɗaki ni kaɗai. Kiran salla a waya nake jin sa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a karanta wa Auta. Aikina gyaran tsofaffin gidaje ne. Bangonsu dutse, rufinsu ma faifan dutse ne masu faɗi, wani sai mutum biyu ke ɗaga shi. Tun wajen 1985 hukumar garin ta tsaya a kan cewa duk mai gyara gida ya yi da dutse da katako irin na kakanni, kuma abin ya yi kyau, har an sa garin cikin jerin ƙauyukan da suka fi kyau a Italiya. To amma kafin mu gyara gida sai mun shiga mun fitar da abin da ke ciki. Na shiga ɗakunan da aka ja ƙofarsu shekara hamsin ko sittin da suka wuce. Cokula na nan, takalman katako na yara na nan a bakin murhu, igiyar ɗaure saniya na nan a turke, don a ɗaki ɗaya suke kwana da dabbobinsu lokacin sanyi saboda ɗumi. Itace ya tsiro ta tsakiyar ɗaki ya ɗage rufin.

A 1921 mutanen Ostana sun kusa 1,200. Talakawa ne na gaske, sun sassaƙe jikin dutse sun yi ƴan gonaki hawa-hawa, suna noma dankali da wani hatsin sanyi, ga saniya ɗaya ko biyu. Abin da aka noma ba ya kai su shekara. To ka san me suke yi? Cin rani, Kawu. Da sanyi ya shigo maza su gangara Torino, da yawansu sana'ar gwangwan suke yi, sayen tsohon ƙarfe da tsumma da kayan da aka yar, wasu su tsallaka Faransa. Ƙanƙara ta narke su dawo noma. Daidai yadda samarinmu ke tafiya Kano da Legas da Agadas bayan an ɗaure dawa. Yaƙin duniya na farko ya ci samarinsu, sunayen na nan rubuce a jikin dutse. Bayan yaƙi na biyu masana'antun Torino suka buɗe baki, musamman na motocin Fiat, sai cin rani ya zama ƙaura. Wanda ya tafi ya kira ƙanensa, ƙanen ya kira matarsa. Lakkol ta rufe don ba yara. Zuwa shekarun 1980 waɗanda ke kwana a garin duk shekara da yatsu ake ƙirga su, dukkansu tsofaffi.

A watan Janairun 2016 aka samu jariri a garin, na farko cikin shekara 28. Jaridun duniya sai da suka buga labarin. Ka duba fa, haihuwa ɗaya. Da na gaya wa wata tsohuwa maƙwabciyata cewa a unguwarmu da wuya mako ya fita ba a yi suna ba, ta riƙe hannuna ta ce in sake faɗa. Tana cikin waɗanda aka tafi da su Torino suna yara, ta dawo da tsufa. Ta nuna mini gangaren da ke ƙasan gidanta, daji ne yanzu, ta ce duk gonaki ne da, tana iya faɗin sunan mai kowace. Yau in hukuma na son a noma wurin, sai an nemo magada a Faransa da Ajantina, wani ma bai san yana da gado a nan ba. Kyarkeci da aka ƙarar da shi tun da daɗewa ya dawo duwatsun nan, makiyaya na kwana da manyan karnuka da shingen lantarki. Kowa ya bar gida gida ya bar shi, mu muke faɗa, amma a nan na ga yadda abin yake da ido. Kuma daga nan na gane dalilin tsadar hannu: hannayen ne babu.

Ba su zauna sun naɗe hannu ba, wannan kam na yaba musu. Ƴaƴan waɗanda suka tafi ne suka dawo suka karɓi ragamar garin, suna ta lallashin matasa su zo su zauna. Yanzu akwai wurin renon ƙananan yara, akwai masaukin baƙi, akwai zauren taro da suke kira Lou Pourtoun. Sun karɓi masu neman mafaka ma, ko da yake ba kowa ya so ba da farko. Suna da yarensu daban da Italiyanci, Oksitan, wanda ake yi har kudancin Faransa, da an mai da shi yaren ƙauyawa har iyaye suka daina koya wa ƴaƴansu. Dokar 1999 ta amince da shi, allunan hanya yanzu da shi ake rubutawa. Tun 2008 kusan kowace shekara suna gayyato marubuta masu rubutu da harshen uwa daga ko'ina su karrama su, a 2016 har wani mai rubutu da Yarbanci daga Nijeriya ya samu. Amma wahalar da suke sha kafin su dawo da iyali guda ɗaya, ta fi wahalar ɗora faifan dutse a rufi.

Akwai abubuwan da in na gani sai in ga kamar gida. Makiyayansu na hawa da fararen shanu saman dutse a watan Yuni, su sauko ƙarshen Satumba da ƙararrawa a wuya, kamar yadda Fulani ke yin arewa da damina su dawo bayan girbi. A can sama kuma, kusan mita 2,900, akwai ramin da wani sarkin Saluzzo, Ludovico na biyu, ya sa aka fafe cikin dutse aka gama a 1480, tsawonsa wajen mita 75, don alfadarai su riƙa ratsowa da gishiri daga Faransa. Na shiga da fitilar waya, a duƙe. Ina ciki ina tuna labarin da kake ba mu na ayarin raƙuman Abzinawa da ke saukowa da kantun Bilma su koma da gero. Ko fari bai bar su ba: a 2022 kogin Po ya ja baya har yashi ya fito a tsakiyarsa, manoman ƙasa suna kuka kamar namu.

To Kawu, ga ra'ayina, kai ne babba, abin da ka yanke shi ne. Gonar gulbi ita ce ke ba mu tumatir da albasa da rani lokacin da gonar tudu ke kwance. Tun kafin ambaliyar 1945 ta tashi tsohon gari ya hau tudu take hannun gidanmu, kai ka gaya mini. In aka sayar, kuɗin ba zai wuce hamada da teku ba, in ma Allah ya sa an tsallake, kuma na san waɗanda muka taso tare da ba su tsallake ba. Ko ya iso, shekarun farko na kwali ne da jiran takarda. Gonar kuwa in ta fita ba za mu iya sayen irinta ba, ko na shekara goma ina ɗaukar dutse.

Ban ce Auta ya zauna haka ba, na san zaman banza ke cin sa, kuma yana da gaskiya da ya gaji. Ga abin da zan iya. Aikin gini na tsayawa in ƙanƙara ta yi yawa, amma maigidana ya yi mini alkawarin aikin cikin ɗaki har Fabrairu. Ƙarshen watan nan zan turo kuɗin injin ban ruwa da tiyo, wata mai zuwa in turo na haƙa rijiyar burtsatse a gefen da ke kusa da mangwaro. Auta ya riƙe gonar, abin da ta bayar na rani nasa ne shi kaɗai, kada kowa ya sa masa hannu, ina roƙon ka faɗi wannan a gaban su Yaya. In ya yi shekara biyu ya ga ba ta fisshe shi ba, ni da kaina zan nema masa hanyar zuwa ta takarda, don akwai ƙa'idar ɗaukar ma'aikata daga waje da gwamnatin nan ke buɗewa, ko da yake tana da wuya kuma ƴan damfara sun yi yawa a kanta. Kada ya ba kowa ko dala da sunan biza.

A tambayar mini kuɗin injin a wuri biyu ko uku kafin a saya, a turo mini hoton rasit. In akwai mai zuwa Torino cikin ƴan garinmu, Inna ta aiko mini da kuka da daddawa da ɗan yajin ƙuli, a ɗaure da kyau a leda biyu. Kilishi kada a sa, ana ƙwacewa a filin jirgi.

Ɗanka, daga Ostana.